Wai Da Gaske Ne Injin Tsohuwar A-Kori-Kura Ba Ya Mutuwa?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta zube, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, maganar sabuwar mota ta fita daga bakin talaka, tokumbo ɗin ma ta fi ƙarfin mutane da yawa. Shi ya sa yanzu a nan Legas duk ɗan'uwanmu da ya tara ɗan abin hannu yana son motar ɗaukar kaya, ko mai gwari ne a Mile 12, ko mai harkar nama a Agege, ko mai kai buhunan hatsi unguwa-unguwa daga Idi-Araba, hankalinsa kan tsohuwar a-kori-kura yake komawa, wadda ta yi shekara ashirin ko talatin tana bauta. Kuma jayayyar ɗaya ce kullum. Wasu su ce ai injin da ba ya mutuwa, sai dai ka gaji da shi. Wasu su ce ƙarya ne, ka sayi tsohuwar mota ka sayi hawan jini, kai da bakanike kun zama dangi. To wanne ne gaskiya?

Me ake nufi da inji mai ƙarko?

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa in suna wannan gardamar, shi ya sa ba ta ƙarewa. Akwai injin da ke daɗewa ba a buɗe cikinsa ba, ba ringi ba canjin mital, wannan shi ne ƙarko na asali. Akwai wanda ba ya ajiye ka a hanya, wato ka tayar da asuba ya tashi, ka je ka dawo lafiya. Sannan akwai wanda yake lalacewa amma gyaransa ba wuya, kowane bakaniken bakin titi ya san shi, kayansa kuma a ko'ina.

Ɗauki Peugeot 504 a-kori-kura, wadda kamfanin PAN da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya cika ƙasar nan da ita. Dattawa suna yabonta, kuma sun yi gaskiya, amma in ka zauna da su za ka ji cewa ba wai ba a buɗe injin ba ne, buɗe shi ne ba ya ba da tsoro, domin silindojinsa irin na zarewa ne, a ciro tsofaffin a zura sababbi da fistin da ringi, inji ya dawo sabo. Wannan sauƙin gyara ne. Shi kuwa mai Hilux in ya ce motarsa ba ta mutuwa yawanci na farkon yake nufi. Sai ka ga mutum biyu suna ta musu alhali ba magana ɗaya suke yi ba.

Abin da ya sa na da suka yi suna

Ba tsafi ba ne, kuma ba wai ƙarfen da ya fi na yanzu albarka ba kamar yadda ake cewa a majalisa. Babban dalilin shi ne injin da babba ne amma aikin da ake nema wajensa kaɗan ne. Injin 22R na Toyota, wanda aka fara sa wa Hilux a farkon shekarun 1980, lita 2.4 ne amma ƙarfinsa wajen doki 100 ne kawai. 3L na dizal lita 2.8 ne, ƙarfinsa wajen doki 90. Yau inji mai lita 1.5 da turbo yana ba da abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Duk ƙarin ƙarfin da aka matso daga ƙaramin inji ƙarin zafi ne da ƙarin matsi kan fistin da mital da gaskit. Su na da ba a matsa musu ba, shi ya sa suke da nauyin jiki a kan hanya, shi ya sa kuma suke daɗewa. Abu ɗaya ne ya haifar da biyun, ba za ka samu ɗaya ka bar ɗaya ba.

Sai kuma ƙarancin tarkace. Bulok ɗin baƙin ƙarfe ne mai kauri, ba turbo, a dizal ɗin famfon injekta ne na gargajiya wanda ba ruwansa da kwamfuta, a fetur ɗin kuma kafireta. TD27 na Nissan, lita 2.7, ko bel ko cen ɗin taimin ba shi da shi, haƙoran giya ne ke juya komai, to me zai tsinke? Abin da babu shi ba ya lalacewa. Irin wannan sauƙin ne ya sa sojojin Cadi suka kori na Libiya a 1987 da Hilux da Land Cruiser a cikin sahara har aka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota, kuma rabin sunan da motar ta yi a duniya daga irin waɗannan wuraren ne.

Kowane inji da cutarsa

Nan ne masu cewa "ba ya mutuwa" suke yin shiru. Babu injin da ba shi da inda yake ciwo, kuma sanin wurin shi ne rabin riƙonsa.

Shi kansa 22R ɗin da ake rantsuwa da shi, na baya-bayan cen ɗin taimin ɗinsu layi ɗaya ne kuma robobi ne ke tare shi. In robar ta tsufa ta karye sai cen ya fara dukan murfin gaban inji, za ka ji ƙara-ƙara da safe in ka tayar, in aka ƙyale shi yana iya cinye murfin har ya huda hanyar ruwa, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, daga nan sai mital. Gyaran da bai taka kara ya karya ba ya zama sayen inji. KA24 na Nissan shi ma kusan haka yake da robobin cen.

3RZ mai lita 2.7 da ya zo a tsakiyar shekarun 1990, da ƙaninsa 2TR da ke cikin Hilux daga wajen 2005, ni a ganina su ne suka fi dacewa da wanda ba ya son ciwon kai a garin nan, cen gare su ba bel ba, kuma tunda Hiace ma tana amfani da danginsu, kaya da kanikawa ba sa wuya. Sai dai suna shan mai, wannan kam ba a ɓoye shi. Kuma 3RZ yana son a riƙa duba gibin bawul ɗinsa, wanda kusan ba mai yi, in ya matse bawul ya ƙone.

A dizal ɗin Toyota na dangin L, wato 2L da 3L da 5L, bel ne, kuma ƙa'ida a canza shi duk kilomita 100,000. Akwai ma wata 'yar fitila a dashbod da ke kawowa don tunatarwa. Me muke yi? Mu je wajen mai waya ya kashe fitilar. Ranar da bel ɗin ya tsinke mota na gudu, fistin zai daki bawul, kan inji ya tashi aiki. Masu turbo kuma, 2L-T na wannan dangin da 1KZ mai lita 3.0, an san su da tsagewar kai in suka yi zafi, wani lokacin sau ɗaya tak ya isa. 4D56 na Mitsubishi L200 kuma bel biyu gare shi, babba da ƙarami, ƙaramin shi ne ake mantawa, in ya tsinke sai ya faɗa cikin babban ya tafi da shi.

'Yan Amurka kuma, wato motocin da ake kawowa daga can, a yi hattara. Toyota mai V6 lita 3.0, wato 3VZ na 1988 zuwa 1995, gaskit ɗin kai ne ciwonsa har sai da kamfanin ya kira motocin ya gyara, amma 5VZ mai lita 3.4 da ya gaje shi a Tacoma lafiyayye ne ƙwarai. Ford Ranger mai lita 4.0 na 2001 zuwa sama yana da cen a bayan inji wanda sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Sannan Tacoma ta 1995 zuwa 2000 tsatsa ta ci shasinsu a jihohin da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, har Toyota ta riƙa sayen su daga hannun masu su a 2008. Inji garau, ƙarfen da ke ɗauke da shi kuwa ya rube, sai a kawo ta nan gabar teku a ƙarasa ta.

Abin da ba a faɗa: injin nawa motar ta ci?

Wannan shi ne abin da ni na fi so a gane. In ka ga Hilux ta 1992 tana hawa gadar Ojota da lodi, sai ka ce kai, inji shekara talatin da wani abu yana aiki. Waye ya ce maka injin da ta zo da shi ne? Da yawansu suna kan inji na biyu ko na uku. Jikin ne ya daɗe, cikin kuwa an sha canzawa. Sannan waɗanda suka mutu ba ka ganinsu, tuni an yanka su an kai kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Owode Onirin an auna a sikeli. Waɗanda suka tsira kaɗai muke gani a titi, sai mu yi wa dukkan zuriyar shaida da su.

Wanda bai taɓa shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo ba ba zai gane ba. Layi ne guda na injuna jere a ƙasa kan tsofaffin tayoyi, ƙasa baƙi ƙirin da mai, kowanne an rubuta masa lamba da farin fenti. Ka nuna wanda kake so, yara su jawo shi bakin shago, a kawo batir da waya biyu, a tsoma tiyo cikin galan ɗin fetur, a haɗa. Inji ya tashi tsirara ba salansa ba lagireto, ƙara kamar kunne zai fashe, yana tsalle a kan taya wani ya taka shi da ƙafa, a ba shi wuta sau biyu sau uku a kashe tun bai yi zafi ba. Mai shago ya dube ka ya ce "Alhaji ka ji da kunnenka, giredi wan ne." To me ka ji? Ka ji ya tashi. Ba ka ji abin da zai yi in ya yi awa biyu a gosulo da buhu ashirin a baya ba. Kuma cikin waɗanda ake cewa tokumbo akwai na gida da aka wanke da fetur aka fesa wa fenti. Shi ya sa masu wayo ba sa zuwa sai da bakaniken da suka yarda da shi, a buɗe murfin sama a ga ko akwai daskararren mai, a sauke kaskon ƙasa a duba, kuma a rubuta kwanakin garanti a rasit.

Wannan ba aibu ba ne ga motar, asali ma shi ne ƙarfinta a Legas. Abin da ya sa Hilux ta fi Isuzu tsada a hannu na biyu ba wai 4JA1 ko 4JB1 na Isuzu ragwaye ba ne, wallahi jarumai ne, sai dai in naka ya buga za ka sha yawo kafin ka samu wani. Na Toyota kuwa da safe ka shiga kasuwa da yamma yana cikin mota. Wani ɓangare na kuɗin da kake biya na kasuwar ne, ba na injin ba.

Legas ɗin kanta

Mita kilomita take ƙirgawa, ba ta ƙirga awa. Motar da ta tashi daga Mile 2 zuwa Apapa ta yi awa uku a hanya, mita ta ce ba ta je ko'ina ba, amma inji ya yi aikin awa uku cikin zafi ba iska mai ratsa lagireto. Don haka wanda yake jiran mita ta cika kafin ya yi juye yana cutar kansa. Tsofaffin dizal ɗin nan dama duk kilomita 5,000 aka ce a juye musu mai, a garin nan kuwa gara a haɗa da lissafin wata. Ita mitar ma ba abin yarda ba ce, ana mayar da ita baya, kuma 'yan Amurka da mil suke ƙirge, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, in ka ga 200,000 to ta haura kilomita 320,000.

Zafi shi ne babban makashin injunan nan, kuma mu muke taimaka masa. Mota na sauka daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can abu na farko bakanike zai ce "Oga a cire tamostat, wannan na ƙasar sanyi ne", a kuma haɗa fanka kai tsaye. Ba zan ce ba su da hujja ba sam, sun sha ganin jabun tamostat ya maƙale a rufe ya dafa inji, to tsoro ne ya sa. Amma aikinsa shi ne ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 da wani abu. In babu shi inji yana daɗewa bai ɗumama ba, mai ba ya ƙonewa sosai, fetur yana wanke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, in mai kwamfuta ne kuma ita tana ganin har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara mai. A wasu injunan ma cire shi yana sa ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai bi ta lagireto ba, wato abin da ake gudu shi ake jawowa. Maganin jabun tamostat shi ne na ƙwarai.

Sai ruwan da muke ɗurawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse, a wasu unguwannin ma da gishiri-gishirinsa, a zuba shi cikin inji mai bulok ɗin baƙin ƙarfe da kan alminiyam. A hankali tsatsa ta toshe lagireto, ta cinye fuka-fukan famfon ruwa, ta rarake bakin gaskit. Ruwan kulan ba ado ba ne, maganin tsatsa ne a ciki, kuma ba ya saurin tafasa. Murfin lagireto ma da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa, in robarsa ta mutu ka ga mota tana ta cin ruwa ba a san dalili ba, a yi ta zargin gaskit.

Damina kuma nata daban. Dizal in ya zuƙi ruwa ta bututun iska, ruwa ba ya matsuwa, nan take sandar fistin ta lanƙwashe. In mota ta mutu a cikin ruwa kar a sake murza makulli, a tura ta waje a ciro fulogi ko nozul a fitar da ruwan tukuna. Murzawa ta biyun nan ita ce ke kashe da yawa.

Lodi kuwa ba sai na faɗa ba. Motar da aka yi don tan ɗaya ko ƙasa da haka, a ƙara mata sifirin a ɗora mata biyu. Sifirin ya ɗauka, amma ba wanda ya ƙara wa lagireto da kuloci da birki komai.

Fetur, dizal ko gas?

Da can amsar a fili take, dizal ya fi araha kuma ya fi jan kaya. Yanzu lissafin ya rikice tunda dizal ya daɗe da fita daga tallafi, fetur ɗin da ake saya ƙasa da Naira 200 kafin Mayun 2023 shi ma ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tsohon dizal mai famfon gargajiya yana haƙuri da man da ba shi da kyau, har wanda 'yan bumburutu suka sirka da kalanzir zai sha ya wuce, duk da yana cin famfon a hankali. Amma na baya irin su 2KD da 1KD, waɗanda ake rubuta wa D-4D, nozul ɗinsu da matsi mai tsanani yake aiki, ɗigon ruwa ko datti ya ishe shi, kuɗin saitin nozul huɗu kuma sai ka riƙe baki. Don haka in an ce dizal ya fi ƙarko, a tambaya wane dizal ɗin. Fetur ma ba a tsira ba, ba a manta da man da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 mai methanol fiye da kima ba, wanda ya kwantar da motoci a Legas da Abuja.

Gas ɗin CNG, wato gas ɗin mota da ake matsewa cikin tukunya, da gwamnati ke ta tallatawa tun 2023 yana rage kuɗin mai sosai ga mai injin fetur, kuma baƙin mai yana daɗewa bai yi datti ba. Sai dai gas busasshe ne, mazaunin bawul a tsofaffin kawuna yana saurin cinyewa da shi, don haka duba gibin bawul ya zama dole ba ganin dama ba. Ƙarfi yana ɗan raguwa, tukunyar tana da nauyi kuma tana cin wurin kaya, ga layi a wajen ɗurawa. Injin da dama ya gaji, gas ba zai tashe shi ba, tona masa asiri zai yi. Kuma don Allah a daina zuwa wajen masu walda suna haɗa tukunyar gargajiya, matsin da ke cikin tukunyar CNG ya kai 200 a ma'aunin matsi na bar, ba tukunyar girki ba ce.

To mai saye fa?

Ra'ayina, in kai ne za ka tuƙa da kanka ko kana da direban da kake gani kullum, tsohuwar a-kori-kura tana biyan kuɗinta. In kuwa saya za ka yi ka miƙa wa yaro ya riƙa kawo balas duk mako, ka shirya sayen inji, domin allurar zafi tana hawa shi balas ɗin yake tunani, zai ce bari in ƙarasa Ketu tukuna. Tsohon doki sai mai shi.

In za ka duba mota ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka dafa inji da hannunka ka tabbatar da sanyinsa, don mai sayarwa ya san inji mai ɗumi yana ɓoye ƙarar cen da wahalar tashi. Ka tsaya a baya a tayar. Hayaƙi shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga silinda, baƙi kuma yawanci nozul ne ko matatar iska, shi ya fi sauƙi. Ka buɗe murfin baƙin mai tana aiki ka ɗora shi a bakin ba tare da ka murɗa ba, in yana tsalle hayaƙi na bugo shi, ringi sun tafi. Ka juya murfin ka duba, in ka ga wani farin abu mai yauƙi ruwa ya haɗu da mai. Tun tana da sanyi ka buɗe lagireto ka leƙa inji na aiki, in kumfa na tasowa ba tsayawa gaskit ne ko kai ya tsage. In ka zaro sandar mai ka ga ya yi kauri yana jan zare, an zuba mai kauri ne don a rufe bakin ƙara. Sannan kar ka yarda da zagaye ɗaya a layi, ka shiga da ita gosulo na gaske ka zuba wa allura ido. In allurar ba ta motsi sam ko bayan rabin awa, ka tambaya waye ya cire mata waya.

Kuɗinka kuma kar ka ƙarar da shi kan sayen motar. Ka ware na bel ko robobin cen, famfon ruwa, wankin lagireto, tamostat da juye tun ranar farko, ko da mai ita ya rantse jiya ya canza. Sai takardu. Ka gwada lambar da ke jikin inji da wadda ke cikin takarda, in sun saɓa ka nemi rasit ɗin injin da aka sa, in ba haka ba ranar da 'yan sanda ko VIO masu duba motoci suka tare ka a Ikorodu Road da tumatir a baya, kai za ka yi bayanin inda injin ya fito, tumatir kuma ba ya jira.